Kafin Alƙalami Ba Ciniki Ba Ne: Dogon Jira da Tashin Farashin Motocin Lantarki

Ranar 1 ga Maris, 2022, kamfanin Rivian na Amurka ya sanar da cewa farashin motocinsa ya tashi. A-kori-kurarsa mai suna R1T, wadda aka tallata a kan dala 67,500, ta koma 79,500. Ɗaya motar, R1S, ta tashi daga 70,000 zuwa 84,500. Ƙarin bai tsaya kan sababbin masu saye ba. Har waɗanda suka ajiye dala 1,000 shekaru biyu ko uku da suka wuce, suna zaman jiran a kira su, an ce su ma sai sun cika. Kwana biyu kawai kamfanin ya iya jure ruwan zagi da janye oda. Ranar 3 ga wata shugabansa, RJ Scaringe, ya ba da haƙuri, ya ce duk wanda ya yi oda kafin ranar ƙarin zai karɓi motarsa a tsohon farashi.

Ba kotu ce ta sa Rivian ya ja da baya ba, tsoron zubewar mutunci ne. Wannan shi ne abin da ya kamata a riƙe game da duk rikicin da ya mamaye kasuwar motocin lantarki a Amurka da Turai daga 2021 zuwa farkon 2023. An fi ba da labarinsa a matsayin labarin ƙarancin kaya, kuma lalle an yi ƙarancin. Amma tsakanin ranar da mutum ya yi oda da ranar da aka miƙa masa makulli akwai watanni, wani lokaci shekaru, kuma a cikinsu komai yana iya canjawa: kuɗin ma'adinai, kuɗin ruwan banki, tallafin gwamnati, har da siffar motar kanta. Dole wani ya ɗauki asarar wannan canjin. A mafi yawan lokuta an tsara takardun ne yadda mai saye zai ɗauka.

Tesla ne ya yayata wannan salon ciniki. Ranar 31 ga Maris, 2016, shugabansa Elon Musk ya nuna Model 3, ya ce za a sayar da ita dala 35,000, kuma duk mai so ya ajiye 1,000. Cikin mako guda mutum 325,000 suka ajiye. A lissafa: dala miliyan 325 ke nan suka shiga hannun kamfani, babu ruwa, babu jingina, a kan motar da ba a fara ƙerawa ba. Ga kuma amfanin da ya fi kuɗin, wato a nuna wa masu zuba jari tsawon layin a ce musu ga kasuwa tana jira. Motar ta fara fitowa a 2017, amma masu tsada aka fara ƙerawa. Ta dala 35,000 ɗin sai a ƙarshen Fabrairun 2019 aka sa ta a kasuwa, ba a daɗe ba kuma aka cire ta daga shafin oda. Cybertruck, a-kori-kurar Tesla, ta fi wannan muni. An nuna ta a Nuwamban 2019 da farashin da ya fara daga 39,900, ana karɓar dala 100 kacal don kama layi. Sai ranar 30 ga Nuwamba, 2023 aka miƙa na farko, kuma waɗanda aka fara kira sun tarar da mota ta kusan dala 100,000.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin hatsarin da ke cikin sayen abin da ba ya nan, shi ya sa da suka halatta cinikin salam suka kewaye shi da sharuɗɗa: a san siffar kaya, a san adadinsa, a yanke farashi, a kuma sa ranar miƙawa. Takardar kama layin mota ba ta da farashi tsayayye, ba ta da rana. Abin da mai ita ya saya shi ne lamba a jerin sunaye, da damar karɓar kuɗinsa idan ya gaji. Maniyyatan Najeriya na 2024 sun ɗanɗana irin wannan: waɗanda suka biya naira miliyan 4.9 suna ganin sun gama, a watan Maris Hukumar Alhazai ta ce sai an ciko miliyan 1.9 saboda faɗuwar naira, cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba kujera ta suɓuce.

To, me ya tsawaita layin har haka? Abu na farko 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin lantarkin nan ne da ake kira semikondakta, waɗanda ke sarrafa birki, gilashi, fitila, allo da cajin batir. Motar zamani tana ɗauke da ɗaruruwansu, wata fiye da dubu, kuma ta lantarki ta fi ta fetur cinsu. Da annobar korona ta rufe duniya a farkon 2020, kamfanonin mota suka ɗauka kasuwa ta mutu, suka soke odar da suka yi wa masu ƙera ƙwayoyin. Masana'antun Taiwan da Koriya ta Kudu ba su zauna ba, suka juya ga masu yin kwamfuta da wayoyi da na'urorin wasa, waɗanda kasuwarsu ta buɗe saboda kowa yana gida. Da masu mota suka dawo bayan 'yan watanni, sai suka tarar an ba wasu gurbinsu. Wannan laifin kansu ne. Shekaru da dama suna alfahari da tsarin da ba a ajiye kaya a sito, sai dai a kawo a daidai lokacin da za a ɗaura. Tsari ne mai rage kashe kuɗi matuƙar hanya lafiya lau take.

Sai kuma masifu suka yi ta zuwa a jere. A Fabrairun 2021 tsananin sanyi ya katse wuta a jihar Texas, masana'antun Samsung da NXP da Infineon da ke Austin suka tsaya. A Maris gobara ta tashi a masana'antar Renesas da ke Naka a Jafan, ɗaya daga cikin manyan masu yi wa motoci ƙwayoyi. Da tsakiyar shekara annoba ta rufe masana'antun Malesiya inda ake gwadawa da naɗe su. Kuma ba abu ne da ake gyarawa da gaggawa ba: ƙwaya ɗaya tana cin watanni kafin ta kammala, sabuwar masana'anta kuwa shekaru. Aka wayi gari ana ajiye dubban motoci gamammu a fili saboda rashin abin da bai kai girman farce ba.

Yaƙin Yukiren ya fallasa wani abin da ko ma'aikatan kamfanonin da yawa ba su damu da shi ba, wato damin wayoyin da ke ratsa jikin mota. Kilomitoci ne na waya, da hannu ake ɗaure su, kuma kusan kowace mota da irin nata gwargwadon abin da mai oda ya zaɓa. Saboda aikin hannu ne, aka kai shi inda albashi ke da araha. Kamfanin Leoni na Jamus yana da masana'antu biyu a yammacin Yukiren, a Stryi da Kolomyia. Kwanaki kaɗan bayan Rasha ta kai hari a ƙarshen Fabrairun 2022, Volkswagen ya tsayar da aiki a Zwickau, babbar masana'antarsa ta motocin lantarki, da kuma Dresden, saboda wayoyin sun daina zuwa. Damin wayoyin yana cikin abubuwan farko da ake shimfiɗawa a gangar mota, don haka ba a iya cewa a gama sauran a sa shi daga baya. A cikin wannan watan na Fabrairu ne jirgin ruwan Felicity Ace ya kama da wuta kusa da tsibiran Azores, ya nutse ranar 1 ga Maris da motoci kusan 4,000 na rukunin Volkswagen da ake kaiwa Amurka, da yawansu masu su sun daɗe suna jira. A ƙarshen Maris kuma aka kulle birnin Shanghai, masana'antar Tesla da ke can, wadda take ciyar da Turai, ta yi kusan mako uku a rufe. A watan Mayu shugaban Volkswagen na lokacin, Herbert Diess, ya faɗa wa duniya cewa motocinsu na lantarki na shekarar sun ƙare a Turai da Amurka. Wanda ya yi oda a lokacin sai 2023.

Wannan ya bayyana jiran. Tashin farashin kuwa daga batir ya faro, domin shi ne kaya mafi tsada a motar. A ƙarshen 2020 ana sayar da tan ɗaya na gishirin litiyam a Sin ƙasa da yuwan 50,000. A Nuwamban 2022 ya kusa 600,000. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ana iya gina masana'antar batir cikin shekara biyu, amma buɗe sabuwar mahaƙa a Ostiraliya ko Cile yana cin shekaru masu yawa. Nikel, wanda Rasha ke cikin manyan masu fitar da mai kyansa, ya yi haukan da ba a taɓa gani ba ranar 8 ga Maris, 2022, ya wuce dala 100,000 kan tan a kasuwar ƙarafa ta Landan, har aka dakatar da ciniki aka soke na wannan safiyar. Cibiyar BloombergNEF, wadda take bin farashin batir tun 2010, ta ce a 2022 ne karon farko da ya tashi maimakon ya sauka, ya kai dala 151 kan kowane kilowat na awa.

Sai dai a nan ne nake ganin bai kamata a karɓi bayanin kamfanoni a yadda suka kawo shi ba. Ƙarin da BloombergNEF ta ƙirga kashi 7 ne cikin ɗari. Ford kuwa ya nuna F-150 Lightning a Mayun 2021 da farashin dala 39,974, ya tara masu kama layi kusan 200,000 har ya rufe rajista a Disamba, sannan ya yi ta ƙari: a Agustan 2022, a Oktoba, a Disamba, har mafi arahar ta kai 59,974 a Maris 2023. Rabin farashin farko ke nan aka ɗora. Model Y ta Tesla mai dogon zango ta tashi daga wajen dala 50,000 a farkon 2021 zuwa 65,990 a Yunin 2022. Idan tsadar kaya ce kaɗai, da an ga ribar kamfanoni ta ragu. Ba haka aka gani ba. Tesla ya ci ribar dala biliyan 12.6 a 2022, fiye da ninki biyu na shekarar da ta gabata. Mercedes-Benz da Volkswagen sun sayar da motoci ƙasa da na kafin annoba, suka kuma sami riba mai tsoka. Hanyar mai sauƙi ce. Idan ƙwayoyin da ke hannunka ba su isa ba, sai ka zuba su a mota mai tsada, ka daina karɓar odar mai araha. Volkswagen ya rufe odar ƙaramar e-up! tun 2020 saboda layin ya yi tsawo, alhali ita ce talaka zai iya saye. Lalle akwai tsadar kaya a cikin ƙarin, amma akwai kuma sanin cewa mutumin da ya yi wata goma a layi ba zai so ya koma baya ya fara daga farko ba.

A Amurka akwai wani hannun kuma a tsakani. Dokokin jihohi da dama sun hana tsofaffin kamfanoni irin su Ford sayar wa mutum mota kai tsaye, sai ta hannun dila, kuma farashin da kamfani ya buga shawara ce kawai. Mutum zai yi oda, ya jira, mota ta iso, sai dila ya ce akwai ƙarin dubban daloli saboda halin kasuwa. In ba ka so, ga wani a bayanka da kuɗi a hannu. Abin ya yi yawa har Ford ya rubuta wa dilolinsa a Janairun 2022 yana gargaɗin cewa wanda aka kama yana tatsar masu odar Lightning zai iya rasa kasonsa. Masu saye ma ba duka ne salihai ba. Da ya kasance motar hannu mai 'yan watanni tana fin sabuwa tsada, tunda ita yau za a hau, sai wasu suka mai da kama layi sana'a: su karɓa, su sayar, su ci riba. Wannan ya ƙara kumbura layin da sunayen da ba mota suke so ba. Daga baya Tesla ya sa wa masu karɓar Cybertruck sharaɗin kada su sayar cikin shekarar farko, da barazanar tarar dala 50,000.

Abin da ya fi ƙona ran masu jira, musamman a Turai, shi ne tallafin gwamnati, domin shi agogonsa daban yake bugawa. A Jamus a lokacin ba ranar oda ake dubawa ba, sai ranar da aka yi wa mota rajista. Wanda ya yi oda a farkon 2022 da lissafin gwamnati za ta ba shi yuro 6,000, idan motarsa ta makara ta shiga Janairun 2023, sai dai ya karɓi 4,500, ba da laifinsa ba. A Disamban 2023, bayan hukuncin kotun tsarin mulki ya buɗe gibi a kasafin kuɗi, gwamnati ta sanar ranar Asabar cewa tallafin zai ƙare ranar Lahadi, 17 ga wata. Birtaniya ta rufe nata ranar 14 ga Yuni, 2022, a ranar da ta sanar. A Amurka, dokar da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu ranar 16 ga Agusta, 2022 ta ce rangwamen harajin dala 7,500 sai motar da aka harhaɗa a Arewacin Amurka, nan take masu jiran Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6 daga Koriya suka rasa. Dokar ta bar ƙofa ɗaya: wanda yake da rubutacciyar yarjejeniya mai ɗaurewa kafin ranar, tsohon tsari zai bi. Sai ga kamfanoni irin su Rivian da Fisker suna rige-rigen aika wa masu kama layi takardu su sa hannu, a mai da ajiyarsu ciniki na gaskiya. Wato su kansu sun san abin da suka riƙe wa mutane tsawon shekaru ba ciniki ba ne.

Ga kuma kuɗin ruwa. Babban bankin Amurka ya ɗaga nasa daga kusan sifiri a Maris 2022 zuwa sama da kashi 5 a tsakiyar 2023. Yawancin masu saye a can da bashi suke saye, kuma banki ba ya riƙe wa mutum tayin bashi na shekara guda. Ko da kamfani ya tsaya a kan tsohon farashi, abin da za a riƙa biya duk wata ya riga ya ƙaru.

Daga nan kasuwa ta juya da saurin da ba wanda ya shirya masa. Ƙwayoyi suka samu, sababbin mahaƙu suka fara zubo da litiyam, farashinsa ya faɗo ƙasa da yuwan 100,000 kafin ƙarshen 2023. A Janairun 2023 Tesla ya zabge farashi, Model Y ɗin nan ta 65,990 ta koma 52,990 dare ɗaya. A Sin waɗanda suka karɓi motocinsu 'yan makonni kafin ragin suka yi cincirindo a shagunan kamfanin, a Chengdu da wasu birane, suna neman a mayar musu da bambancin. A Yuli Ford ya rage kusan dala 10,000 daga Lightning mafi araha. Wanda ya yi haƙuri ya jira shekara, ya biya farashin ƙololuwa, shi ne ya fi kowa shan kashi, domin darajar motarsa a kasuwar hannu ta zube tare da farashin sabuwa. Kamfanin hayar motoci na Hertz, wanda ya yi shelar sayen Tesla 100,000 a 2021, ya sanar a Janairun 2024 cewa zai sayar da motocin lantarki 20,000. Wasu kuma layin ne ya rushe da su a ciki: Sono Motors na Jamus ya watsar da motarsa Sion a Fabrairun 2023 bayan ya karɓi ajiyar dubban mutane, Fisker ya durƙushe a Yunin 2024.

Inda doka ta yi magana, mai saye ya ɗan samu sauƙi. A Jamus dokar ciniki ta hana a rubuta sharaɗin ƙarin farashi a takardar gama-gari idan za a miƙa kaya cikin wata huɗu, kuma ƙa'idojin sayar da sababbin motoci sun ba mai saye damar ya matsa lamba idan an wuce ranar da aka ambata da mako shida, daga nan ya iya fasawa. Amma a shekarar da jira ya kai wata goma sha biyu, kariyar wata huɗu ba ta kai ko'ina ba, kuma fasawa ba barazana ba ce ga dilan da zai sayar wa wani da tsada gobe.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi bai shiga waɗancan layukan ba, amma wanda yake yin odar mota daga waje, ta lantarki ko ta fetur, yana da nasa agogon mai gudu. A Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Motar da aka biya rabin kuɗinta tana kan teku, kafin ta iso Legas cikon da kuɗin fiton kwastan sun zama wani abu daban, tunda da canjin dala ake lissafa fiton. Duk wanda zai ba wakili kafin alƙalami a kan motar lantarki daga Sin, tambayoyin da suka dami Bajamushe su ne nasa: da wane kuɗi aka yanke farashi, wa zai ɗauki bambancin canji, wace rana ce ta ƙarshe, kuma in an wuce ta ana mayar da ajiya ko ba a mayarwa.

Dogon jiran bai mutu ba, ya dai koma inda ake rububin wata mota guda. Kamfanin wayoyi na Xiaomi ya fitar da YU7 a Yunin 2025, ya ce ya samu oda 200,000 cikin minti uku, kuma waɗanda suka ɗan makara manhajar kamfanin ta nuna musu jiran kusan shekara. Su ma akwai agogon gwamnati a kansu, domin an riga an tsara a rage yafe harajin sayen motar lantarki da Sin take yi da rabi daga Janairun 2026. Bambancin shi ne a Sin akwai kamfanoni da dama masu mota a ƙasa, a shirye, suna zawarcin duk wanda ya gaji da layi, har wasu suka yi tayin biya wa mutum ajiyar da zai rasa in ya bar Xiaomi ya dawo wurinsu. Da kaka ta yi, sai Xiaomi ya sanar cewa wanda ya tabbatar da odarsa kafin ƙarshen Nuwamba, idan jinkirin kamfani ya kai miƙa motarsa cikin 2026, kamfanin ne zai biya bambancin harajin, har yuwan 15,000.